Lissafi da ka ga ƙananan yara: hadda za a sa su ko dabara za a koya musu?

Maman 'Yan Biyu: Slm jama'a barkanmu da warhaka. Don Allah malaman da ke gidan nan da iyaye ina neman shawara. Yarana 'yan biyu ne shekarunsu 7, in aka ba su lissafi a takarda suna yi ba laifi, amma ka tambaye su da baki ko da 8 a tara da 7 ne sai ka ga an fara ƙirga yatsu, macen ma har ɓoye hannu take yi a bayanta wai kar in gani. To ina jin ana ta cewa lissafi da ka yana buɗe wa yaro ƙwaƙwalwa yana sa masa kaifin tunani. Shin gaskiya ne? Kuma ta ina ake farawa, hadda zan sa su ko da wata hanya?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Magana ɗaya ce, hadda. Mu haka aka koya mana kuma haka muka koyar, kullum da safe kafin a buɗe littafi sai an rera jadawalin ninkawa tun daga gidan 2 har gidan 12, sannan malami ya riƙa jefa tambaya ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi inda-inda ya miƙe tsaye. Yaran da suka bi ta hannunmu yau ko daga barci ka tashe su ka ce 7 sau 8 za su ce maka 56. Na yanzu kuwa 6 sau 4 ma sai sun lalubo waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki sa su hadda, ki kuma raba su da ƙirgan yatsun nan tun yanzu.

Malamin Aji Uku: Baba Allah ya ƙara girma, maganar hadda ba ni da ja za mu zo kanta, amma batun hana yatsu ga ɗan shekara 7 kam ina da ja. In kika hana shi ba dainawa zai yi ba, komawa yi a ɓoye zai yi, ga shi ma Hajiya ta ce yarinyar ta fara. Yaro yana riƙe yatsu ne don ba shi da wata hanya da ta fi su sauƙi, ranar da ya same ta da kansa zai watsar.

Hajiya ga inda nake farawa da nawa. Abu na farko abokan goma: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Ki samu murfin kwalba ko tsakuwa guda 10, ki rufe wasu da tafin hannu ki ce nawa na ɓoye? In ya ga 6 a fili ya san 4 ke ƙarƙashin hannu. Ku yi ta yi kamar wasa har ya zama ba ya tsayawa tunani. Na biyu tagwaye: 3 da 3, 6 da 6, 7 da 7, yara na saurin kama waɗannan ban san dalili ba amma suna son su. Da waɗannan biyun 8 a tara da 7 ta zo da sauƙi. Wani yaron zai ce 8 na neman 2 ta cika 10, na ciro 2 daga 7 saura 5, 15 ke nan. Wani zai ce 7 da 7 ai 14 ne, ƙari ɗaya 15. Wani ma ya ce 8 da 8 16 ne a cire ɗaya. Duk daidai ne kuma kar ki ce wa ɗayansu ba haka ake yi ba. Abin da ba na bari ya wuce shi ne tambayar "yaya ka yi ka samu?", ko amsar daidai ce ko kuskure sai na tambaya. Tunanin da kike nema a wajen bayanin nan yake fitowa, ba a wajen furta 15 ba.

Maman 'Yan Biyu: Malam ngd sosai. Wato kar in gaya musu hanya ɗaya in ce ita za su bi?

Malamin Aji Uku: Ki nuna musu in sun maƙale, amma ki fara jin tasu tukuna. Tunda su biyu ne ma kin huta, kowa ya faɗi yadda ya yi ɗan uwansa na saurare.

Abban Yara: Ni fa ku yi haƙuri wlh ban ga dalilin wahalar da yara ba. Kowace waya da kalkuleta a ciki, kwamfuta na yin lissafin da mutum zai shekara bai gama ba. Lokacin da za a ɓata kan 7 sau 8 ba gara a koya musu kwamfutar ba?

Injiniya: Abban Yara ni kullum da kalkuleta da kwamfuta nake aiki kuma zan gaya maka wanda bai iya lissafi da ka ba shi na'ura ta fi cuta. Ka danna 48 sau 21, yatsanka ya zame ya danna 1 sau biyu ya zama 211, ta ba ka 10128. Ita ba ta yi ƙarya ba abin da ka ba ta ta yi. Wanda ya saba zai ce tsaya, 48 kusan 50 ne, 21 kusan 20 ne, amsar ba za ta yi nisa da 1000 ba, wannan dubu goman daga ina? Ya sake dannawa ya ga 1008. Wanda bai saba ba kwafa zai yi ya miƙa a haka. Kuma maganar koyon kwamfuta da kake yi, mai rubuta manhaja aikinsa ke nan farfasa babbar matsala zuwa ƙanana, irin abin da yaron Malam ke yi da 8 da 7.

Abban Yara: To na ji kintace yana da amfani. Amma haddar fa?

Anti Mai Lesin: Ku bari in shigo nan don fannina ne. Hajiya ki nema musu ajin abakus kawai, wato allon ƙirga mai ƙwayoyi da ake turawa a jikin sanduna, ki ga ikon Allah. Irin na Japan da ake kira soroban, kowane layi da ƙwaya ɗaya a sama mai darajar 5 da ƙwaya huɗu a ƙasa kowace 1. Yaro zai fara da na hannu yana turawa, in ya ƙware sai a ɗauke abakus ɗin ya riƙa ganinsa a cikin kansa, shi ne za ki ga yara suna kaɗa yatsu a iska suna tara lambobi masu gida uku-uku da sauri kamar me. A Japan har gasa ake yi lambobi na walƙawa a allo suna ɓacewa yaro na tarawa. Kuma yana buɗe ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, yaro zai fi riƙe karatu, zai fi natsuwa, duk darussa zai yi gaba.

Ɗalibar Ilimi: Anti sannu da ƙoƙari, rabin farko na maganarki gaskiya ne amma na ƙarshen akwai gyara. An gwada wannan abin. Wani masani David Barner da abokan aikinsa sun bi yara 'yan firamare kusan 200 a wata makaranta a jihar Gujarat ta Indiya har shekara 3, aka raba su biyu, rabi ana musu abakus na ka rabi ana ƙara musu lissafi irin na yau da kullum, sakamakon ya fito a 2016. 'Yan abakus sun fi a lissafin tarawa da ninkawa da makamantansu, wannan ba musu. Amma da aka auna sauran ƙarfin ƙwaƙwalwa irin riƙe abu a ka da basira gaba ɗaya ba a ga abakus ya canja su ba. Abin da ma aka lura yaran da tun farko suke da ƙarfin riƙe hoton abu a ka su suka fi cin moriyarsa.

Kuma wannan tsohuwar muhawara ce. Da can a Turai cewa ake yi koyon Latin yana wasa ƙwaƙwalwa, Edward Thorndike da Robert Woodworth suka yi gwaje-gwaje tun 1901 suka nuna horo a kan abu ɗaya ba ya tsallakawa zuwa wani abu sai in suna da abin da ya haɗa su. To amsar tambayar Hajiya ta farko a ganina ita ce lissafi da ka yana sa yaro ya iya tunani a kan lambobi, ya iya kawo hujja, ya iya gane amsar da ba ta shiga hankali, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma duk wanda ya ce miki zai mayar da yaro haziƙi a komai da komai talla yake yi.

Anti Mai Lesin: Ƙanwata ni ba talla nake ba, abin da idona ya gani nake faɗa. Yara na zuwa ba sa iya zama minti biyar, bayan wani lokaci ka ga sun natsu.

Ɗalibar Ilimi: Ban ce ƙarya kike ba Anti Allah ya ba ki haƙuri. Sai dai yaron da iyayensa suka damu har suka kai shi lesin, ana zama da shi ana kula da shi, ga shi yana ƙara shekaru, ko ba abakus zai canja. Shi ya sa ake raba yara gida biyu in za a gwada, don a san wanne ne ya yi aikin.

Injiniya: Ni abin da ke ɗan damuna da abakus shi ne yaro na iya ba ka amsa a daƙiƙa biyu amma ka ce yaya aka yi ya ce haka ƙwayoyin suka tsaya. Sauri ne na gaske, amma hanya ɗaya ce tal ko da wace lamba ce. 301 a cire 298 ma sai ya jera ƙwayoyi, alhali mai dabara kallo ɗaya zai yi ya ce tazararsu 3 ce.

Tsohon Hedimasta: Duk na karanta. Ku yaran zamani kuna son dogon bayani. Ingila da kuke ganin sun ci gaba ai komawa suka yi kan abin da muke yi. Tun 2022 dole ne duk ɗan aji huɗu, 'yan shekara 8 zuwa 9, ya zauna gwajin jadawalin ninkawa har 12 sau 12, tambaya 25, kowace daƙiƙa 6 kacal. In dabara kaɗai ta isa me ya sa suka sa agogo? A daƙiƙa 6 yaushe yaro zai tsaya yana 8 na neman 2?

Ɗalibar Ilimi: Baba a nan kam kuna da gaskiya babba kuma akwai dalilinta. Abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda kaɗan ne, George Miller a 1956 ya ce wajen abu 7, masu bincike na baya irin su Nelson Cowan suka ce ma bai fi 4 ba. Yaron da zai yi dogon rabawa ko lissafin ɓangare, in 7 sau 8 ma sai ya tsaya nema, kafin ya samo ya manta inda yake a babban lissafin. Don haka dole ƙananan nan su zauna daram a ka. Inda muka rabu shi ne ta wace hanya za su zauna, da kuma yaushe za a kawo agogo.

Malamin Aji Uku: Yauwa. Baba ai gwajin nasu a ƙarshe yake zuwa bayan yaro ya shekara uku ko fiye ana gina shi, ba da shi ake farawa ba. Ni ma ina sa hadda amma ba na ce wa yaro ga abu 100 ka haddace. Mu duba daga gidan 1 zuwa 10, guda 100 ne. Ranar da yaro ya jera tsakuwa layi 3 kowane 4, ya juya ya kalle su ta gefe ya ga layi 4 ne kowane 3, ya gane 3 sau 4 da 4 sau 3 abu ɗaya ne, sun dawo 55. Gidan 1 da na 10 ba aiki. Gidan 2 tagwayen nan ne da ya riga ya sani. Gidan 5 rabin gidan 10 ne, 6 sau 5 rabin 60. In ka cire waɗannan saura 21. Gidan 9 gidan 10 ne a cire ɗaya, 9 sau 6 shi ne 60 ba 6, 54. Gidan 4 ninki biyu ne, 7 ta zama 14 ta zama 28. Abin da ya rage na 3 da 6 da 7 da 8 tsakaninsu guda 10 ne kawai, su ake dagewa a kai.

Amfanin haka shi ne ranar da hadda ta gudu, kuma tana gudu, yaro na da hanyar dawowa. Wanda ya manta 7 sau 8 zai ce 7 sau 7 49 ne ƙara 7, 56. Mai rerawa zalla kuwa sai ya koma tun daga 7 sau 1 yana waƙa har ya iso, in ka katse shi a tsakiya ya koma farko.

Tsohon Hedimasta: Wannan komawa farkon na yarda ana yi, amma laifin malamin ne da bai riƙa tambaya a tsallake ba. Mu muna jefawa ne ta ko'ina.

Maman Auta: Baba ku yi haƙuri in faɗi nawa. Ni ina cikin waɗanda ake tsayarwa a aji. Na san amsar wlh amma da an nuna ni da sanda kowa ya zuba min ido sai kaina ya ɗauke kamar an kashe wuta. Har yau in aka ce lissafi gabana faɗuwa yake yi. Ku kuna tuna waɗanda suka iya ne, mu da muka tsani abin ba wanda ya ƙirga mu.

Ɗalibar Ilimi: Allah sarki Yaya. Wannan sananne ne, fargaba tana cinye ɗan wurin riƙe abu a ka da na ambata ɗazu, shi ya sa amsar da kika sani ke ɓacewa. Jo Boaler ta jami'ar Stanford ta daɗe tana sukar gwajin sauri ga ƙananan yara saboda haka, ko da yake akwai masana da yawa da ke ganin ta wuce gona da iri kuma atisaye da agogo yana da amfani in ba da tozartawa ake yi ba. Wani abu kuma da zan roƙi iyaye mata, kar ki riƙa cewa "ni dai ban iya lissafi ba" a gaban 'yarki. Sian Beilock da abokanta sun nuna a 2010 cewa a azuzuwan da malama mace ke tsoron lissafi, 'yan mata sun fi ɗaukar ra'ayin cewa lissafi na maza ne, kuma waɗanda suka ɗauka makinsu ya yi ƙasa.

Tsohon Hedimasta: 'Yata Allah ya huci zuciyarki. Ban ce a wulaƙanta yaro ba. Amma sakaci ma cuta ne.

Injiniya: Bari in jefo muku wata ku gwada a gida. A cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Masu bincike a Grenoble ta Faransa suka yi wa 'yan firamare wannan tambayar wajen 1980, mafi yawansu suka haɗa lambobin suka ba da amsa, 36. Yaran ba daƙiƙai ba ne, an saba musu ne cewa duk inda ka ga lamba biyu yi musu wani abu ka miƙa da sauri. To in sauri kaɗai muka sa a gaba irin yaran da za mu samu ke nan.

Abban Yara: Hhhh yanzu na tambayi babban ɗana ɗan aji biyar ya ce 36, da na yi dariya ya ce au to 16 ne.

Malamin Aji Uku: Kar ka yi masa dariya Alhaji, ce masa ya zana jirgin da dabbobin ya nuna maka inda shekarun suke. Ga wata ma irinta: 8 + 4 = __ + 5. Yara da yawa 12 za su sa, wasu 17, don a wurinsu alamar daidai tana nufin "rubuta amsa". Wanda ya saba wasa da lambobi a ka zai ce 5 ta fi 4 da ɗaya, to abokiyarta ta gaza 8 da ɗaya, 7, ko tarawa bai yi ba. Wannan yaron ya fara aljabara bai sani ba.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a na dawo. Wasan ɓoye murfin ya karɓu har rigima suke kan wa zai ɓoye. Amma ga abin da ya ɗaure min kai. Na ba namijin 52 a cire 38 a takarda ya rubuta 26. Na ce to da baki, kana da 38 nawa ya rage ka kai 52? Ya yi shiru can ya ce 14. Yaro ɗaya lissafi ɗaya amsa biyu, kuma da na nuna masa bai ga wata matsala ba, wai wancan na makaranta ne.

Malamin Aji Uku: Hajiya wannan 26 ɗin duk malamin firamare ya san ta. Ya duba gidan ɗai-ɗai ya ga 2 da 8, ya ce ba a cire 8 daga 2 sai ya juya ya cire 2 daga 8 ya samu 6, sannan 5 a cire 3 saura 2. A takarda ba 52 yake gani ba, 5 yake gani da 2 kowacce zaman kanta. Da baki kuwa lambar na nan ɗungurungum, mai yiwuwa cewa ya yi daga 38 zuwa 40 biyu, daga 40 zuwa 52 sha biyu, 14. Ki tambaye shi za ki ji. Kar ki yi saurin cewa "ka yi aro" don zai haddace aron ne shi ma ba tare da ya san me ya ara ba. Ki ja masa layi a takarda ba lamba ko ɗaya, ya sa 38 a hagu 52 a dama ya zana tsallen da ya yi, makarantun Holan sun daɗe suna amfani da wannan layin. Sannan ki ce ya tara 26 da 38 ya gani ko za ta ba shi 52. Ki bar shi da amsoshin biyu su dame shi, shi zai yanke wacce ce ta gaskiya. Bayan nan in kika kawo ɗaurin tsinke goma-goma guda 5 da tsinke 2, ya ga dole ya kwance ɗauri ɗaya kafin ya iya cire 8, aro ya samu ma'ana.

Ɗalibar Ilimi: "Wancan na makaranta ne" 😅 Hajiya ɗanki ya maimaita wani shahararren bincike. A 1985 Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa abin da suka gani wurin yara masu saye da sayarwa a titunan Recife ta Brazil. A bakin sana'a da ka suke lissafi kuma kusan duka daidai. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda tsurarsu ko rabi ba su ci ba. Akwai wanda ya yi 35 sau 4 da ka ya samu 140, ta hanyar cewa 35 sau uku 105 ne a ƙara wata 35, amma a takarda ya rubuta 200, saboda ya ce 4 sau 5 20, ya riƙe 2, ya tara ta da 3 kafin ya ninka. Dokar da ya haddace ce ta rikice masa kuma ba abin da ya ja hankalinsa cewa 200 ta yi yawa.

Tsohon Hedimasta: To ai wannan hujjata ce, lissafin ka ya fi na takarda.

Malamin Aji Uku: Hhh Baba ai ba rerawa yaron ya yi ba, farfasawa ya yi.

Tsohon Hedimasta: Da bai riƙe 105 ɗin a ka ba da me zai farfasa?

Malamin Aji Uku: Wannan kuma gaskiya ne ranka ya daɗe.

Amaryar Bana: Ni tawa tambayar ta ɗan yayata ce da ke hannuna, shekararsa 4. Yana ƙirga 1 zuwa 30 ba tuntuɓe, in fara masa tarawa?

Malamin Aji Uku: Ki fara gwada shi tukuna. Zuba murfi 7 ki ce ƙirga, ki duba ko yana taɓa kowanne sau ɗaya. In ya gama ki ce to nawa ne? In ya sake komawa ƙirgawa bai gane lambar ƙarshe ita ce jimla ba. Sannan ki ce ba ni 5 daga ciki. Da yawa masu rera 30 za su dumbuzo su miƙo miki. Ki kuma baza murfin nan ki ce yanzu nawa ne, wasu za su ce sun ƙaru. In ya wuce waɗannan sai ku shiga "ga 3 na ƙara 1", da abu a gabansa, ba takarda ba alama. Tsarin koyar da lissafi na ƙasar Singafo da ake ta yabo haka yake, abu a hannu, sannan hoto, sannan lamba, daga ra'ayin wani masani Jerome Bruner suka ɗauko. Minti kaɗan ya isa, da ya fara waige-waige ku tashi.

Ɗalibar Ilimi: Ki ƙara da wasan allo mai gidaje a jere 1 zuwa 10, kwali ma ya isa ki zana da kanki. Robert Siegler da Geetha Ramani sun gwada da 'yan nazare a Amurka a 2008, zama huɗu gajeru, yaran suka fi gane wace lamba ta fi wata da inda kowace take a layi, waɗanda aka ba allo mai launuka ba lamba kuwa ba su samu wannan ba. Sharaɗin shi ne in yana gida na 3 zai yi taku biyu ya ce "huɗu, biyar", ba "ɗaya, biyu" ba. Nan ne yake koyon ɗorawa daga inda yake maimakon komawa 1 kullum.

Injiniya: Ga manya-manyan kuma ku ba su ta Gauss, Bajamushen masanin lissafin nan da aka haifa a 1777. Ana ba da labarin malaminsu ya ce su tara 1 zuwa 100 don ya samu ya huta, yaron ya haɗa 1 da 100, 2 da 99, ya ga 101 sau 50 ne, 5050. Masana tarihi na cewa an yi wa labarin ado amma dabarar na nan. Ku fara da 1 zuwa 10 kuma don Allah kar ku faɗa musu sirrin, ku rubuta lambobin a jere ku ce akwai gajeriyar hanya ku yi shiru.

Abban Yara: To Injiniya tunda kun taso ni gaba ga tawa, 25 sau 16 ba takarda ba waya, kowa ya faɗi yadda ya yi.

Injiniya: 25 huɗu 100 ne, akwai huɗu sau 4 a cikin 16, 400.

Maman Auta: Ni 25 sau 10 na yi 250, sau 6 kuma 150, na haɗa 400. Kai, ashe in ba a nuna ni da sanda ba ina yi.

Anti Mai Lesin: 400, ni dai abakus ɗina na gani 😄

Tsohon Hedimasta: 16 sau 100 1600, a raba huɗu. Malamin Aji Uku kar ka ce komai, na san abin da za ka ce.

Amaryar Bana: Malam na gwada yaron, murfi 7 ya ƙirga ya samu 9, yana taɓa wasu sau biyu. In gyara masa ko in ƙyale?

Malamin Aji Uku: Ki rage su koma 4, ki jera su a layi, duk wanda ya ƙirga ya tura shi gefe. In 4 ta zauna ki ƙara ɗaya.